Sandar Sabulun Iya Kulu

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Afrilun 2007, ranar zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha, ni na ja wa Iya Kulu sanda tun daga ƙofar gidanta har filin firamaren garinmu, Dakko, ta ƙasar Bakura. Shekarata goma. Hantsi bai ko dubi ludayi ba amma zafin bazara ya riga ya sa yashi yana ƙona ƙafa ta cikin silifas. Tsohuwar ta ɗauro zanen saƙinta wanda ba ya fitowa daga adudu sai da Sallah, ta rambaɗa kwalli a idanun da yanar ido ta rufe tun ban yi wayo ba, tana tafiya tana gane mutane da murya, kowa ta kira sunansa ta tambayi mutanen gidansa. An fito da teburin malamin ajinmu an ajiye a gindin bishiyar dogon yaro, akwati a kai, maza layi guda, mata layi guda, 'yan tallar ruwa da ƙuli suna kai-kawo. Babana yana tsaye daf da teburin, don shi ne wakilin jam'iyyarsu a akwatinmu. Da safe kafin ya fita ya tsayar da ni a zaure, ya nuna mini wata alama a jikin takarda, ya ce, "Uwani, in kunka isa, ki kama yatsanta ki aza nan. Ba ta gani, ba ta sanin komi." A hanya kuma Iya Kulu ta matse mini hannu, ta raɗa mini wata alamar dabam, ta ce, "Aminiya, nan za ki aza min. Ke ce idona yau." Da waɗannan maganganu biyu na shiga layin mata.

Kafin in faɗi abin da na yi, bari in faɗi wace ce Iya Kulu a wurinmu. Ba jininmu ba ce. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, a jikin katangar kuma akwai kafa, wata 'yar ƙofa da babba sai ya duƙa yake wucewa, wadda aka bari tun ranar da aka ja ginin. Ita da kakata Hajo, mahaifiyar babana, shekara ɗaya aka kawo su Dakko amare, tun daga nan suka ƙulla ciyayya. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Ciyayya ita ce in kin sauke tukunya ki sa malmala a akushi ki aika wa aminiyarki, ita ma in ta sauke ta aiko miki. Ba sadaka ba ce, don babu mai bayarwa dabam da mai karɓa dabam. Dokarta guda ce, akushi ba ya komawa wayam. Mijin Iya Kulu ya rasu, 'ya'yan da ta haifa duk ƙasa ta karɓe su tun suna goye, ido ya tafi, har ta daina tuƙa tuwo. Amma ba ta daina ciyayya ba. Da laluben hannu take dafa daddawar kalwa wadda matan shiyarmu ke rububi. Akushinmu ya je mata da tuwon dawa da miyar kuka, ya dawo da ƙwallon daddawa, ko magarya, ko goruba ta yara. Kowa ya san tuwon nan shi ne abincin da ke riƙe da ita, ita ma ta sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa da baki.

Sunan Kaka Hajo aka sa mini, shi ya sa babana ba ya iya kama sunana, sai dai Uwani. Iya Kulu kuwa Aminiya take ce mini, wai ƙawarta ce ta dawo da ƙuruciya don ta yi mata yanga. Kai akushi aikina ne tun da na iya ɗaukarsa ba tare da na zubar da miya ba. Da asuba ina makarantar allo a zauren Malam, da hantsi ina boko, da azahar in kai wa Baba fura gonar albasarsa, in dawo in taya Inna surfe da bakace, in cika randuna, in ɗaure awaki. Sai rana ta yi sanyi nake samun kaina, mu taru a dandali mu yi 'yar carafke da duwatsun da kowa ke ɓoyo a bakin zane, mu yi gaɗa har murya ta dushe. Amma ko ina tsakiyar cin wasa, da na ji ƙamshin miya ya taso daga madafarmu na san lokaci ya yi. In duƙa in shiga kafa, tsohuwa ta ce, "Wane ɓarawo ne?" alhali ta san takuna sarai. Ba ta barina in fita sai na ci loma biyu da ita, wai tuwo ba ya wucewa in mutum shi kaɗai ne. Ta laluba kaina ta ce kitson nan an yi shi ne don a kori samari, ta warware ta sake, tana ba ni labarin zamanin da babu madatsar ruwa, lokacin da ita da Hajo suke zuwa fadama yankan shinkafa da goyo a baya.

Da ciwon ajali ya kama Kaka Hajo, ba a kan gona ta yi wasiyya ba, ba a kan awaki ba. Ta sa aka kira mata Baba da Inna, ina raɓe a bakin ƙofa ina jin komai, ta ce, "Garba, kada akushin Kulu ya kwana kife." Baba ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya karɓa. Kuma ya riƙe, ba zan zalunce shi ba. Ko shekarar da gero bai yi ba, da muka koma kwaɗon tafasa da zogale, akushi bai fasa ratsa kafa ba.

Sai ga guguwar zaɓe. Motoci masu lasifika daga Mafara da Bakura suka cika mu da ƙara, aka lilliƙa hotuna a jikin rumbuna da bangon ajinmu har da katangar maƙabarta. Mu yara muna bin mota da gudu, muna haddace waƙoƙin zambo da ba mu san ma'anarsu ba, har a dandali 'yan wannan gida suka ja layi a ƙasa suka ce 'yan wancan gida ba za su shiga gaɗarsu ba. Tunda maza ba sa shiga gidaje, sai aka ɗauko mata masu manyan mayafai da jakunkuna suna bi ɗaki-ɗaki. Waɗanda suka fara shigowa shiyarmu 'yan ɗaya jam'iyyar ne, ba ta su Baba ba. Ina zaune ina tsince wa Iya Kulu kalwa suka yi sallama. Suka gaishe ta gaisuwa mai tsawo, suka kira ta Hajiya, ita da ko Gusau ba ta taɓa zuwa ba, suka aza mata sandar sabulun wanki guda ɗaya a cinya, suka ce ƙuri'arta suke roƙo. Ta shafa sabulun, ta shinshina, ta ce, "Tunda kunka tako har ɗakina, na ba ku. Allah shi kai mu." Shi ke nan fa. Sauran matan shiya na kowa suke karɓa, in baƙi sun fita su tuntsire da dariya su ce kowa ya kawo a karɓa, ranar zaɓe a san abin yi. Iya Kulu ba ta iya wannan wayon ba. Ita a saninta baki ɗaya Allah ya yi wa mutum.

Shugaban jam'iyyar su Baba na mazaɓarmu, wanda kowa ke kira Ciyaman, ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, sai don yana da jikoki. Shi ya yi wa Baba alkawarin injin ban-ruwa da taki in akwatin Dakko ya fito fes, ba ƙuri'a ko ɗaya a ɗaya ɓangaren. Gonar Baba tana can wutsiyar kanal, inda ruwan noman rani yake isa a ƙarshe in ma ya isa, ya sha tsayawa yana kallon albasarsa tana ƙonewa ba yadda zai yi. Don haka ban ce ba shi da dalili ba. Matan jam'iyyarsu suka zo da atamfa da gishiri, abin da ya ninka sandar sabulu sau ba adadi, Iya Kulu ta ce su tattara kayansu, ita ta riga ta ci ladan kuturu, dole ta yi masa aski. Baba da kansa ya duƙa ya shiga kafa, ya zauna a ƙasa ya gaishe ta, ya yi lallashi har ya gaji. Ta ce, "Garba, da kai ka riga su, da kai na ba. Alkawari kaya ne." Da ya ga ba ta lanƙwasuwa, sai ya yi dabarar bi ta hannuna.

To ga mu a gaban tebur. An ce a ɓoye ake dangwalawa, amma wane ɓoyo? Wani yagaggen kwali ne aka jingina, wakilai suna leƙe ta samansa kamar masu kallon tukunyar da ba tasu ba. Malamin zaɓe ya miƙo takardu biyu, ta gwamna da ta ɗan majalisa. Na kama babban yatsan Iya Kulu, mai kaushi, wanda kalwa ta rina, na danna shi a tawada. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Baba, ya gyaɗa mini kai. Na dubi tsohuwa, fuskarta na sama yadda makafi ke yi, tana murmushi, ta sakar mini yatsan nan gaba ɗaya, duk inda na kai shi nan zai je. Wallahi ba wani dogon tunani na yi ba. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne Malam ya sha gaya mana a makarantar allo cewa wanda ya karkatar da makaho daga hanya Allah ba ya ƙyale shi. Na aza yatsan inda ta ce, a takarda ta farko, na sake azawa a ta biyu. Wani daga bayanmu ya fashe da dariya.

Jam'iyyar su Baba ce ta cinye akwatin, nesa ba kusa ba. Ƙuri'ar Iya Kulu ba ta kayar da kowa ba, ba ta ɗora kowa ba. Ba ma ita kaɗai ta yi wa ɗaya ɓangaren ba, sauran dai sun iya ninke takardarsu. Amma da aka gama ƙirga, Ciyaman ya juyo a bainar jama'a, yana sakace, ya ce, "Malam Garba, makauniyar da kake ciyarwa ta hi ƙarhinka, ɗiyar cikinka ta hi ƙarhinka, to wa za ka iya kawo muna?" Aka yi shewa. Sai da na girma na gane hanyar zamewa daga maganar inji yake nema, ya kuwa samu. Baba ya shigo gida bayan la'asar idanunsa jajur. Mutumin da ba ya iya faɗin sunana don kunyar uwarsa, shi ya ɗaga hannu ya wanke mai sunan da mari, na farko kuma na ƙarshe. Marin bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ya tuɓe riga, ya ɗebo jar ƙasa daga bayan rumbu, ya kwaɓa da ruwan da ni na ɗebo da safe, ya fara toshe kafa. Inna ta durƙusa tana tuna masa wasiyya, ya ce, "Ta tai waɗanda ta zaɓa su ciyar da ita." Akushinmu yana can ɓangarenta tun na jiya, ba a ko karɓo shi ba.

Har yau in na tuna magaribar ranar sai in ji zuciyata tana tafasa. Inna ta tuƙa tuwo, hannunta ya saba, ta malmala har da ta Iya Kulu, sannan ta tsaya tana kallon malmalar ba ta san inda za ta sa ta ba. Muna zaune sai muka ji sandar tsohuwa ta taɓa ɗanyar laka daga can ɓangaren. Ta sake taɓawa. Sai kuma muka ji tafin hannunta yana shafa wurin, daga sama har ƙasa. Ba ta kira Baba ba, ba ta tambayi dalili ba. Can ta ɗaga murya ta ce, "Aminiya, ki kwana lahiya." Na ture tuwona na shige ɗaki. Kaico! Wace irin siyasa ce wannan da za ta sa namiji mai sallah a sahun gaba ya hana makauniya tuwo a kan dangwalen yatsa? Kuma a ce wai ita ce mai laifi, ita da ta faɗi magana ta tsaya a kanta, a garin da kowa ya ci na kowa ya goge baki.

Inna ba ta iya haƙura ba. Bayan kwana kaɗan ta gasa hoce na garin dawa, ta ƙulle a tsumma, ta cusa mini a jakar allo, ta ce in zan tafi makaranta in zagaya ta ƙofar waje in miƙa wa tsohuwa, kada in bari kowa ya gani. Na je da murnata. Iya Kulu ta laluba ƙullin, ta ji ɗuminsa, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta ce, "Garba ya sani?" Na fara kame-kame. Sai ta turo mini ƙullin a hankali ta ce, "Mai da ma uwarki, ki ce na gode. Ciyayya da rana tsaka munka ƙulla ta ni da Hajo, ta kafa take shigowa. Abin da ya biyo ta bayan gida a ɓoye sadaka ne, ni ko ban hwara bara ba." Na yi kuka, na buga ƙafa, na ce mata tsohuwa mai taurin kai, ta yi dariya ta ce ai a wurin mai sunana ta koya. Inna ta sake gwadawa da fura, ta gwada da dambu, duk suka dawo yadda suka tafi. Ita ma tsohuwar na yi fushi da ita a lokacin, fushi sosai, don ban gane ba. Yanzu na gane ba abin da ya rage mata a duniya sai wannan mutuncin, shi ya sa ta ƙi sayar da shi ko da yunwa.

Yunwar kuwa ta zo. Matan shiya suka ja baya da sayen daddawarta, don an fara raɗe-raɗin cewa in taki ya zo, gidan da aka ga yana hulɗa da 'yan adawa ba zai samu ba. 'Yar adawa! Tsohuwar da ba ta san sunan ɗan takara ko ɗaya ba, alama kawai ta riƙe. Wasu suna tausaya mata, amma tausayin bai wuce bakinsu ba. Ta sayar da akuyarta ranar kasuwar Talata, ta ci kuɗin gero, ta sayar da babbar tukunyar dafa kalwa. Ina zuwa in share mata tsakar gida in cika mata tulu, wannan dai ba ta hana ni ba, ina ganin zanenta yana ƙara zagaye ta. Kunu take damawa tsululu ta ce mini ta ƙoshi. Su kuma masu manyan mayafai da suka kira ta Hajiya, da suka ce ba za su manta da ita ba, ko ƙeyar ɗaya daga cikinsu ba a sake gani a Dakko ba. Ba su ma san an yi ba. Tir da wannan hali.

Abin da ya fi ci mini rai yana gaba. Ruwan farko bai ko sauka ba sai labari ya zo cewa jagoran ɗaya jam'iyyar a mazaɓarmu, wanda ya turo matan sabulu, ya tattara mutanensa ya koma jam'iyyar Ciyaman. Aka shirya walima a Talata Mafara. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi, yana sa ran a can za a yi maganar inji. Da ya dawo ina bayan rumbu ina ba kaji tsaki, na ji yana gaya wa Inna da wata irin murya. Wai mutanen nan biyu, waɗanda kowannensu ya hau mota ya ce mai bin ɗayan ya bar hanya, ya same su a tabarma ɗaya, hannu cikin faranti ɗaya, wannan yana yaga wa wancan cinyar kaza, suna kiran juna ɗan'uwa. Shi kuwa ko kusa da tabarmar ba a bari ya je ba. Injin da aka yi masa alkawari, a gonar surukin Ciyaman aka ji ƙararsa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Manya sun shirya a kan kaza, mu kuma an bar mu da busasshiyar laka a katanga da tsohuwa tana shan kunu a bayanta.

Da Baba ya fasa kafar nan a ranar, da ban rubuta wannan ba. Bai fasa ba. Kunya ta kama shi, kunyar kuma ta zama masa taurin kai. Sai in gan shi da safe ya tsaya a gaban toshiyar, ya taɓa ta da yatsa, ya juya ya ɗauki fartanya ya fita. Inna ta yi magana, ya ce a bari a gama shuka. Aka gama shuka, ya ce a bari a gama noman farko. Wata rana Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta ce, "Malam, girman kai rawanin tsiya." Duk da haka bai ɗauko diga ba.

Gero ya kai gwiwa sai ga wani ɗan ƙanen Iya Kulu daga Tsibiri ta ƙasar Maradun, wani ɗan kasuwa ya kai masa labari, ya zo ya tafi da ita. Da hantsi aka ɗaure 'yan komatsanta a bayan babur, adudu da tabarma da buta. Kafin ta hau ta sa aka kira ni, ta ce in ja ta zuwa gidanmu. Duk shekarun nan ta kafa take shigowa, ran nan ne na fara ganin ta shigo ta zaure kamar baƙuwa. Ta yi sallama, Baba yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ya miƙe zumbur. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, ta tambayi gona da iyali da dabbobi, yana amsawa kansa a ƙasa. Sannan ta fito da akushinmu daga ƙarƙashin mayafi, a rufe da faifai, ta laluba ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Garba, ga akushin Hajo. Ba a maida shi wayam. Ba ni da daddawa yanzu, abin da ya rage min ke nan." Ta shafa kaina, ta ce in riƙa bari ana yi mini kitson kirki, ta juya.

Sai da ƙarar babur ta ɓace Baba ya ɗaga faifan. Sandar sabulun ce, cikin takardarta, ko gutsura ba a yi ba.

Ban taɓa ganin babba yana kuka ba sai ran nan. Ya tashi ya ɗauko diga, ya far wa toshiyar nan kamar ita ta yi masa laifi, har ya haɗa da wani ɓangaren katangar. Da ƙura ta lafa, babu komai a can sai ɗaki a buɗe, murhu ba toka, da duwatsun carafkena da na bari a gindin randa. Ya ce in an yi girbi zai je Tsibiri da damin gero da kansa ya dawo da ita. Ba a kai girbi ba. Ana tsakiyar marka aka aiko cewa Iya Kulu ta riga mu gidan gaskiya, kafin su Baba su isa har an rufe ta. Daga nan bai sake tsaya wa kowa wakili ba. In masu lasifika suka shigo gari sai ya ɗauki buta ya nufi gona. Na yafe masa marin tuntuni, yana raye ma na gaya masa. Toshe kafar ne har ya koma ga Allah ban iya cewa na yafe ba, don ba hakkina ba ne.

Yanzu ina aure a Talata Mafara, ina koyarwa a wata firamare, kuma duk zaɓe teburin ajina ake fitarwa a ɗora akwati. Har gobe masu jakunkuna suna bi gida-gida, sai dai sabulu ya zama taliya da omo, suna kiran kowace mace Hajiya. Wanda ya zagi wani bara, bana suna hoto ɗaya, an saba, ba mai ko ɗaga gira. Katangar gidan da nake ta siminti ce, doguwa, da fasassun kwalabe a samanta, maƙwabciyata sai mu yi mako ba mu ga juna ba. Dakko ma in na je, ban ga gidan da ya bar kafa ba. Akushin yana wurina, Inna ta ba ni ranar da za a kai ni ɗaki, sabulun yana ciki, ya bushe ya tsattsage ya koma kamar dutse. Kwanaki ɗiyata ta gani ta ce, "Umma, me ya sa ba a wanki da wannan?" Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ji fushin nan na 'yar shekara goma yana nan daram, bai rage ko kaɗan ba. Cikin duk waɗanda suka yi alkawari a zaɓen nan, mutum ɗaya na sani da ya cika, ita ce kuma aka bari da yunwa.